Wasiƙar Makaranta Zuwa Ga Iyaye: Batun Rubutun Sunayen Yara

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara. Da fatan an fara zangon karatu lafiya, ya sanyi kuma?

Makon jiya muka zauna tantance rajistar ɗalibai, ba mu kai rabi ba kanmu ya ɗau zafi. A aji guda mun iske A'isha huɗu, ba wadda rubutun sunanta ya yi kama da na wata: Aisha, Aishat, Ayshah, Aeesha. Wannan da sauƙi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yarinya ɗaya mai suna iri uku: takardar haihuwa ta ce Hadiza, katin NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya ce Khadija, ita kuma a bayan littattafanta ta rubuta Khadeejah, wai ya fi kyan gani.

Ba mu hana kowa ƙawata sunan ɗansa ba, amma a san cewa wannan ƙawa aron Turanci ce. Bature ne ke haɗa e biyu ya karanta i, ya haɗa o biyu ya karanta u, ya sa p da h su zama f. Yaron da muka koya wa bokon Hausa abin da ya gani shi yake furtawa. Ran nan malamar aji biyu ta ba wani yaro rajista ya kira sunaye, ya zo kan Ameenah ya ce "Amena", aji ya kwashe da dariya, mai sunan ta kifa kai a tebur. Yaron bai yi kuskure ba.

Ta ɗaya gefen ma ana tuntuɓe. Malami ɗan bautar ƙasa da ya zo mana daga Kudu ya ga Ciroma ya kira "Siroma", don a Turanci c mai i a gaba s take zama. Shi ya sa wasu ke rubuta Chiroma, kamar yadda Sakkwato ta koma Sokoto a takardun Turawa. Ɗahiru kuwa da zarar ya shiga kwamfuta lanƙwasar ta faɗi, ya zama Dahiru. Sa'idu ya rasa hamzarsa, sai ka ji baƙo ya haɗe a da i ya ce "Saidu". Abin da ɗan kunya a ce mu Zazzagawa ne ke wannan sakaci, alhali a nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma a garin nan aka yi aiki mai yawa na daidaita rubutun boko.

Ga inda abin ke cizo. Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, sai da lambar NIN, kuma sunan da ke kan NIN ɗin shi kwamfuta ke ɗaukowa. Idan takardar jarrabawar gama sakandare ta WAEC ko NECO ta ce Muhammad, NIN ya ce Mohammed, ranar tantancewa a jami'a ake jin jiki: a je kotu a yi rantsuwa, a nemi gyara, a yi ta sintiri. Mun ga waɗanda harafi ɗaya ya ja musu wannan wahala.

Don haka muna roƙon kowane uba ko uwa su aiko da kwafin takardar haihuwar yaro, da na NIN ga wanda ya yi, daga Litinin zuwa Alhamis ɗin mako mai zuwa. 'Yan ajin ƙarshe ne a gaba, don su za a fara yi wa rajistar jarrabawa. In rubutun ya saɓa, ku zo da kanku ofishin mataimakin shugaba kafin ƙarfe 12 na rana, mu tsayar da guda ɗaya, har da jerin wane suna ne farko, wane ne na uba. Kada a aiko yaya ko ƙani, sa hannun mai riƙon yaro muke bukata.

Allah Ya raya mana su, Ya yi musu albarka.

Shugabar Makaranta