Rahoton Sakatare Kan Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Magoya Bayan Kulob ɗin Ƙwallon Ƙafa na Garinmu a Ingila

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa, ga bayanin abin da muka yi bana da kuma abin da ya gagara.

Tarukan wata-wata an yi su, ban da na Disamba da aka ɗage saboda rashin mahalarta. An cike gurbin mai binciken kuɗi.

Zan fara da maganar kuɗi, tunda ita ce ba a son ji. Malam Ma'aji zai karanto lissafi dalla-dalla bayan na zauna, amma a taƙaice fiye da rabinmu ba su kammala biyan kuɗin shekara ba, akwai ma waɗanda na bara ke kansu har yau. Mun tura saƙo, mun buga waya, mun tare mutum a bakin ƙofar fili. Amsar ɗaya ce: "ƙarshen wata in sha Allah." Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ranar da Arsenal ko Manchester United suka buga wasa, zaurenmu na WhatsApp yakan cika da gardama har tsakar dare, amma da na saka tunatarwar kuɗi sai kowa ya karanta ya yi gum. Babu wanda ake biya ko kwabo a wannan kwamiti, kuma ba daɗi ne bin dattijo bashi ba.

Wannan ya kawo ni ga littafin tarihin kulob, wanda aka yi alkawarin fitowarsa bana. Bai fito ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Ga yadda abin yake.

Rabin aikin yana cikin tsofaffin jaridun garin nan, waɗanda muke karantawa ta British Newspaper Archive, shafin intanet na tsofaffin jaridun Birtaniya. Da kuɗin rajistarmu ya ƙare a tsakiyar shekara, babu abin sabuntawa a asusu, sai da 'yan kwamiti biyu suka cire daga aljihunsu. Watannin da muka yi a zaune ke nan. Bayan haka kuma mun ci karo da matsalar da ba mu zata ba: shekarar kafuwa da ke jikin tambarin rigar kulob ba ta yi daidai da abin da jarida ta rubuta ba. Akwai rahoton wasa da sunan garin nan tun kafin wannan shekarar, sai dai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka dakatar da manyan gasannin ƙwallo a Ingila daga 1915 zuwa 1919, sunan ya ɓace, daga baya ya dawo da sabon kwamiti da sabon fili. Kulob ɗaya ne, ko biyu ne masu suna ɗaya? Dattawan kulob sun rabu gida biyu a kan wannan, mu kuma da muka zo garin daga baya ba mu ne za mu yanke musu hukunci da gaggawa ba. Ga littafin ma'ajin da, wanda duk lissafinsa da sule da kwabo ne, tunda sai a 1971 Birtaniya ta sauya tsarin kuɗinta. Mutum ɗaya ne cikinmu ya iya karanta rubutun, shi ma sai ranar da ba ya aikin dare. Wanda yake ganin za a iya gama wannan cikin wata uku, ƙofar kwamiti a buɗe take.

Yanzu ga abin farin ciki. Bajekolin tarihi da muka shirya a ɗakin taron kulob ranar Non-League Day ya wuce duk yadda muka yi tsammani. Ga sababbin mambobi: wannan rana ce da wani mai son ƙwallo, James Doe, ya ƙirƙiro a 2010, ana sa ta a makon da manyan kulob-kulob ke hutu saboda wasannin ƙasashe, don masu kallon Firimiya su leƙa ƙaramin filin da ke bayan gidansu. Mun jera hotunan 'yan wasa tun masu baƙi da fari, da takardun shirin wasa da aka riƙa sayarwa a ƙofa, da tsohuwar ƙwallon fata mai igiya wadda yara suka ƙi yarda ana buga ta da ka. Tun kafin a buɗe ƙofa layi ya kai wurin ajiye motoci. Mai karɓar kuɗin shiga ya ce bai ga jama'a haka ba duk kakar nan.

Allon da ya fi tara mutane shi ne wanda matasanmu suka zana na matakan ƙwallon Ingila. Da yawa ba su san cewa muna mataki na 9 ba ne, wato rukunai takwas a samanmu, kuma duk da haka muna shiga Kofin FA, gasar da aka fara tun kakar 1871-72. Mu muna farawa ne a watan Agusta, a zagayen share fage na farko, kuma sai mun ci wasa shida a jere kafin mu kai zagayen da kulob-kulob na League One da League Two, wato mataki na 3 da na 4, ke shigowa. A gefen allon suka sa labarin ƙananan kulob-kulob da suka kara da manya a Kofin FA: Hereford da ta fitar da Newcastle a 1972, da Sutton United da ta doke Coventry a 1989, da Marine ta mataki na 8 da ta karɓi baƙuncin Tottenham a Janairun 2021. An ci Marine 5-0, amma wa ya damu? Wani yaro ya tsaya yana ƙirga matakan da yatsa, ya juyo ya tambayi mahaifinsa yaushe Tottenham za ta zo nan.

Sai kuma tsohon golan kulob, wanda 'yarsa ta turo a keken guragu. Ya gane kansa a hoto, ya kira sunayen sauran goman ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba rubutun ƙasa ba. Shi ya ba mu labarin zamanin da dokar Hukumar FA ta raba 'yan wasa gida biyu, masu albashi da masu buga wa sha'awa, kuma kulob irin namu bai isa ya biya kowa a fili ba. Ya ce in an tashi wasa ka koma ɗakin canja kaya, sai ka tarar da 'yan kuɗi a naɗe cikin takalminka, ba mai tambayar wa ya sa. A 1974 aka soke wannan rabe-raben, aka rufe gasar Amateur Cup, aka kawo FA Vase da muke bugawa yanzu. Ɗakin ya yi ta dariya, har shugaban kulob na yanzu ya ce a bar maganar takalmi kada 'yan wasansa su ji. A ranar mutanen gari suka kawo mana akwati biyu na hotuna da yankakkun jaridu daga ɗakunan ajiyarsu. Godiya ta musamman ga iyayenmu mata da suka tsaya kan teburin karɓar baƙi tun safe, da matasan da suka kwashe kujeru bayan kowa ya watse. Su ne dai fuskokin da muke gani a kowane aiki. Wasu kuwa sun zo an ɗauki hoto da su, sun tafi.

Aikin naɗar muryoyin tsofaffin 'yan wasa shi ne ya fi damuna. A taron farkon shekara mutane da dama suka ɗaga hannu za su je gidajen dattawan nan da waya su ɗauki hira. Kaɗan ne suka je. Ɗaya daga cikin waɗanda ke jerinmu, wanda ya buga wa kulob a shekarun 1950, ya rasu a lokacin sanyi ba a kai ga zuwa wurinsa ba, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka buga a tsohon fili. Littafi zai iya jiran kuɗi, wannan aikin ba ya buƙatar fam ko ɗaya, sai awa guda ta ranar Lahadi.

Akwatunan da aka kawo suna nan a gidan Mataimakin Shugaba, ba a ɗauki hotonsu a kwamfuta ba tukuna, domin na'urar da muka ce za mu saya tana cikin abubuwan da rashin kuɗi ya tsayar. Masu kayan sun fara tambaya, kuma suna da gaskiya.

Kwamiti yana ba da shawara uku ga taron yau: duk wanda bashin shekara biyu ke kansa ba zai kaɗa ƙuri'a a zaɓe mai zuwa ba, a rubuta sunan kowane mai zuwa hira tare da dattijon da aka ba shi da ranar da zai je, a nemi zama da dattawan kulob kan batun shekarar kafuwa kafin a fara sabuwar kaka. Malam Ma'aji yana bakin ƙofa da littafin rasit, zai zauna har a tashi.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya