Wasiƙa daga Kasala

Aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Mu nan Kasala ta Sudan sai godiyar Allah, ko da yake garin ya cika maƙil da mutanen da yaƙi ya koro daga Khartum da Madani tun 2023.

Ƙungiyarmu ta unguwa tana nan, duk Alhamis bayan isha'i a ƙofar gidan liman. Sai dai yanzu an bar zancen gudummawar biki da suna, takiyya muke riƙe da ita, wato tukunyar adas, wani irin ƙaramin wake, da muke dafa wa baƙi. Makon jiya saura ƙiris a ɓata: mai amalanken jaki ya ƙara kuɗin gangar ruwa, mai gidan burodi ya ce ba sauran bashi, ma'aji kuwa ya juye jakar asusu a kan tabarma don kowa ya gani da idonsa. Da liman ya ga hankula sun tashi, sai ya sa aka zagayo da jabana, wato gahawa mai citta, ya ce wani baƙonmu, malamin tarihi da ya yi gudun hijira daga Umdurman, ya ɗan ɗebe mana kewa.

Malam Habu, ka tuna dalar nan ta Bajrawiyya da muka hango daga mota bayan mun wuce Shandi? Ashe mutanen tsohuwar daular Marawi da suka gina su suna da rubutunsu na kansu, baƙaƙe 23. Wani Bature ɗan Ingila, Griffith, ya gano sautin kowane baƙi wajen 1911. To yau fiye da shekara 100 ke nan ana iya karanta rubutun da baki tiryan-tiryan, amma mafi yawan abin da yake faɗa ba wanda ya sani. Rubutun Masar an samu dutsen da aka rubuta magana guda da shi da Girkanci, shi ya buɗe ƙofa. Na Marawi har yau ba a tono irinsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani dogon allon dutse ne da aka haƙo a Hamadab, kusa da tsohon birnin Marawi, a 1914, yanzu yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Akwai sunan sarauniya Amanirenas a kai, wadda ta gwabza da Rumawa shekara 20 da 'yan kai kafin haihuwar Annabi Isa. Har kan gunkin sarkin Rum Agustas, na tagulla, an same shi a Marawi a 1910 binne a ƙarƙashin matakalar wani ɗakin bauta, yadda duk mai shiga sai ya taka shi. Labarin yaƙin daga bakin Rumawa kawai muke jin sa. Nata bayanin ana zaton shi ne a allon, ga shi a fili, amma ya ƙi magana.

Wani dattijo ya ce, "Ashe Turawan ma almajirai ne, sun yi tilawa ba su kai tafsiri ba." Aka bushe da dariya.

Sai ma'aji ya tambaya ko akwai kalmomin da aka tabbatar. Malamin ya ce akwai kaɗan: qore sarki ne, kandake sarauniya, sannan a duwatsun kabari ana roƙa wa mamaci ato da at, ruwa da gurasa. Ma'aji ya dubi 'yan kuɗin da ke kan tabarma, ya ce to wannan harshen shi ya ji shi sarai. Nan take aka sake zagayawa da hula, aka haɗa kuɗin ruwan kwana uku. Na burodi kuwa yana nan a wuyanmu.

In 'yan'uwa a Kano za su iya tura wani abu kafin Alhamis mai zuwa, ka sanar da ni ta WhatsApp. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce Baba na Kasala yana sa musu albarka.

Naka,
Usmanu