Zuwa ga Sabi'u, wanda ya tambaye ni amfanin bin layin zaɓen kansila

Assalamu alaikum ɗana Sabi'u,

Da fatan kana lafiya, da mahaifiyarka da ƙannenka. Ranar taron ƙungiyar ci gaban gari, washegarin Sallah, ka karɓi lasifika a gaban Dagaci da dattawa ka ce: "Baba Malam, kai ne kullum kake ce mana mu fito zaɓe. To zaɓen ciyaman da kansila da aka san mai ci tun ba a buga takarda ba, me zai sa in bar gonata in je in bi layi? Kuma in mun yi magana a kama mu." Matasa suka yi tafi, wasu dattawa suka haɗe rai, ladan ya kira magariba, taro ya watse ban ce uffan ba. Na ji ana cewa ka ƙure ni. Ka ɗan ƙure ni ɗin. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a inda kowa zai gani.

Rabin maganarka gaskiya ce, ba zan yi maka kwana-kwana ba. A zaɓen 5 ga Oktoban 2024 a nan Jigawa, jam'iyyar gwamna, APC, ita ta kwashe kujerun ciyaman 27 gaba ɗaya. Bayan mako uku, 26 ga wata, aka yi na Kano, jam'iyyar gwamnan can a lokacin, NNPP, ta kwashe ciyaman 44 da kansila 484, ko ɗaya bai tsira ba. A Janairun 2021 kuwa, lokacin APC ke mulkin Kano, ita ma 44 da 484 ɗin ta share. Mutanen su ne dai, rumfunan su ne, abin da ya sauya kawai wanda ke zaune a gidan gwamnati. Ka duba Abuja, inda INEC ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida na birnin maimakon hukumar da gwamna ya naɗa: a 2022 APC uku ta samu, PDP uku. Wannan kaɗai ya ishi mai hankali.

Ni ma ba ji na yi ba, gani na yi. Wata shekara, ina hedimasta, aka sa ni malamin zaɓe a rumfar firamare. Tun hantsi mata suka yi layi a gindin darbejiya, kaya ba su iso ba sai bayan azahar. Da muka buɗe, ga takardun dangwale, ga tawada, babu takardar rubuta sakamako. Muka ƙirga a gaban kowa, na rubuta a bayan takardar jarrabawar 'yan aji shida. Har yau tana cikin adakata, babu wanda ya taɓa nemanta. Da daddare muka ji sakamako a rediyo.

To me ya sa har yanzu nake damun ku?

Domin kai ranar zaɓe kake kallo, alhali ba ranar ake zaɓen kansila ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kansilan mazaɓarmu ana fitar da shi ne wata biyu ko uku kafin nan, bayan isha'i, a zauren shugaban jam'iyya na mazaɓa, tsakanin mutanen da ba su cika tabarma biyu ba. A nan ake abin da suke kira masalaha, a aika suna sama. Ka taɓa shiga zauren nan? Ka san su waye shugabannin jam'iyyar mazaɓarka, wa ya sa su, yaushe wa'adinsu zai ƙare? Na san amsar. Ku matasa kun bar wannan zaure ga mutum goma sha, sai an gama ɗauki-ɗora ku hau waya kuna kuka.

Na ga an gwada a nan, kana ƙarami. An so a ɗora mana wani da rabonsa da kwana a garin nan tun bikin ƙanwarsa. Masu unguwanni ba su iya magana ba, saboda rawaninsu a hannun wani yake. Amma 'yan ƙungiyar manoma da mahauta da 'yan acaɓa suka cika motoci biyu suka tafi gidan jagoran jam'iyya a hedikwata. Ba su zagi kowa ba. Cewa suka yi: ranka ya daɗe, duk wanda ka ba mu za mu karɓa, amma muna roƙon ya zama wanda za mu iya buga wa ƙofa da asuba. Aka canza suna. Ba don tsoron Allah aka canza ba, kujerar kansila ce ba ta kai a ɓata da gari guda a kanta ba, ga babban zaɓe na tafe, wanda ƙuri'arsa ke ƙirguwa. Manya suna lissafi, Sabi'u. Ta ciyaman ta fi ƙarfinmu a yanzu, wannan na yarda, balle da aka mayar da takarar ta masu kuɗi: a Kano, kafin zaɓen 2024, naira miliyan goma aka fara yanka wa fom ɗin ciyaman, na kansila miliyan biyar, har maganar ta je kotu. Wane malamin firamare ne zai iya? Amma ta kansila tana nan inda hannu zai kai.

Kuma kada ka raina ta. A duk masu riƙe da muƙami a ƙasar nan, kansila kaɗai ne sahunsa ɗaya da naka a masallaci. Sanata sai a fosta. Kansila kuwa za ka same shi a wurin jana'iza, a teburin mai shayi, matarsa tana ɗiban ruwa a tuƙa-tuƙar da ta lalace ɗin.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce uwar komai. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, kuma abin da aka ware wa kowacce a wata ba sirri ba ne, ana wallafa shi, ku masu waya kun fi ni sanin inda za ku lalubo. Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya kafa, shi ya sa duk ciyaman da ka tambaya sai ya ɗaga hannu ya nuna sama. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, kuma wannan hukuncin ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓen da kake kuka da shi. Duk da haka ya ba talaka abin riƙewa. Yanzu in an nuna maka sama, kana da bakin cewa: to ai kotu ta ce a sauko da shi, ina aka tsaya?

Sannan ka san abin da za ka tambaya. Da yawanku kuna zagin ciyaman a kan tsadar mai da wutar lantarki, abin da ko a mafarki ba ya hannunsa, kuna barin nasa. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya jera aikin ƙaramar hukuma: kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, magudanan ruwa, ƙananan hanyoyi, rajistar haihuwa da mutuwa, har da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale, sannan tana da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi da harkar noma. Duk ranar kasuwa ana yankar kuɗi a kan buhu da kan akuya. Ana ba ka rasit? Rasit ɗin yana da lamba? Ka yi tunanin abin da ke shiga a kara irin ta Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a, sannan ka dawo kan 'yar tamu. Albashin malaman firamare yana cin kaso mai tsoka na kuɗin ƙaramar hukuma, ni shaida ne, da shi na ci tuwo shekara talatin da biyar. Amma ragowar ba ta kai a ce kwalbatin hanyar fadama ya shekara huɗu a rufte ba, masu amalanke suna zagaye ta gonakin mutane, kullum rigima a ƙofar Dagaci.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda ya fi yi mini nauyi. Ka ce in kun yi magana a kama ku. Ana kamawa. A ƙarshen 2022 an ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse zuwa Abuja saboda 'yan kalmomi da ya rubuta a Twitter kan matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da ɗalibai da jama'a suka yi ca aka janye ƙarar. Dokar laifukan intanet ta 2015, musamman sashenta na 24, ta zama sandar dukan masu rubutu, har sai da aka yi mata gyara a 2024. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, kuma bai ce sai maganarka ta yi wa mai mulki daɗi ba. Ba na cikin dattawan da in an kama yaro sai su ce shi ya ja. Wanda ya sa aka rufe ɗan talaka don an ce masa bai yi aiki ba, shi ne abin kunya.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, a ƙauye ba ɗan sanda ne ya fi rufe mana baki ba. Kunya ce da surukuta da tsoron a cire sunanka daga jerin masu samun taki. Kansila ƙanin matar yayanka ne, yaya za ka yi? A zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 1990, zamanin SDP da NRC, muna cikin Kano ba a cire Jigawa ba tukuna, a fili ake bin layi a ƙirga kawuna. Maguɗi ya yi wuya, amma na ga dattijon da ya juya gida don ba zai iya tsayawa a layin da ba na surukinsa ba. Wannan tsoron ya girmi Facebook. Mahaifina ɗan NEPU ne, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, ya sha ɗaurin wata uku don kawai ya shimfiɗa wa masu lacca tabarma a ƙofar gidansa. Da ya fito babu mai gaishe shi a kasuwa, ya ce wannan ya fi masa ɗaurin ciwo. 'Yan NEPU ɗin ne dai suka yi ta nacin har gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta zo a 1979 ta soke haraji da jangali. Kusan shekara talatin ke nan tsakanin tabarmar da sokewar.

Abin da na koya, mutum ɗaya da zagi shi ake kamawa, kuma shi ake saya. Ka ga sojojin baka: yau yana rediyo yana tsine wa ciyaman, gobe an ba shi babur ya koma yabo. Mutum arba'in da tambaya ɗaya a rubuce, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, ba su kamuwa, ba su sayuwa da araha, kuma babu wanda za a ce shi ne ya ci fuskar suruki. Takarda a kai sakatariya, a sa a buga hatimin karɓa a kwafinku, a ba Dagaci nasa don kada ya ji a bakin duniya. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ba lallai su amsa ba. In sun yi shiru, ku kai kwafin mai hatimi gidan rediyo. Tun da Freedom ta buɗe a Kano a 2003 na lura babu abin da ciyaman ke tsoro kamar a ambaci sunan ƙaramar hukumarsa da daddare, lokacin da ubangidansa ke saurare.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai ranar taronmu: na duba, babu mace ko ɗaya. Su ne suka fi cika layin zaɓe, su ake raba wa taliya da sabulu, su suka san ranar da maganin asibiti ya ƙare da ranar da famfo ya tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In za ku rubuta takarda, ku fara da tambayar iyayenku mata, a aika wa shugabar Islamiyyar matan aure ta tattaro nasu.

Ranar zaɓen kuma? Ni ina zuwa, ko da kaya za su kai la'asar. Ina tsayawa a ƙirga, in rubuta abin da rumfarmu ta bayar a littafina. Ba ya sauya abin da za a faɗa a rediyo. Amma kansila ya san na rubuta, ya san nawa ya samu a unguwarsu da gaske, kuma in na tare shi bayan sallar asuba da maganar kwalbati ba ya iya ce mini ina nake ranar zaɓe. Ba zan ce ka bar shuka ranar da aka yi ruwan farko don wannan ba. In rani ne ko kaka, rabin yini ne.

Ranar Juma'a bayan la'asar ina zaure. Ka zo da abokanka da suka yi tafin nan, ko biyar ne. Wani ya lalubo mana a waya abin da aka ware wa ƙaramar hukumarmu a wata shidan da suka wuce, wani ya zagaya ya ƙirgo tuƙa-tuƙa nawa ne a mazaɓar nan, nawa ke ba da ruwa. Takarda da biro ina da su. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata na gode da man shanun.

Naka,
Baba Malam