A dawo mana da waƙe a makarantun firamare

Assalamu alaikum Edita, barka da ƙoƙari. Don Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in yi magana da iyayen yara da hukumomin SUBEB masu kula da ilimin matakin farko a jihohinmu.

Ni tsohon malamin firamare ne, 'yan Gireti Tu ne mu, wato masu takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, irin waɗanda aka kwasa aka tura ƙauyuka bayan an buɗe UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, kuma har na aje alli ban ga kayan aikin da ya kai waƙe amfani a ajin ƙananan yara ba. Da waƙe muke koyar da baƙaƙe da wasula, da shi ake haddace jadawalin sau, biyu sau biyu huɗu biyu sau uku shida, aji gaba ɗaya na amsawa ana tafi, hatta wanke hannu da yanke farce duk akwai waƙensu. Yaron da in ka tsayar da shi gaban allo sai ya kama rawar jiki ya kasa buɗe baki, toh cikin amshi za ka ji muryarsa ta fi ta kowa, daga nan kake gane ashe yana fahimta tsoro ne kawai ya danne shi.

Yanzu je ka makarantar gwamnati da safe ka gani. Gangar asambili ta fashe tun tuni an jefa ta sito, taken ƙasa ma yara gunguni kawai suke. An cusa kiɗa da waƙe cikin darasin da ake ce ma CCA tare da zane da wasan kwaikwayo, kuma galibi malamin da aka ɗora ma shi ba fanninsa ba ne, sai ya cika allo da Turanci wai ma'anar kiɗa da ire-irensa, yara su kwafa su tashi ba a rera ko baiti ɗaya ba. Wallahi abin na ci min rai, don ajin da yara suka haura ɗari suna zaune a ƙasa ba littafi ba benci, in ba waƙe ba me zai haɗa hankalinsu waje ɗaya?

Na san wasu iyaye za su ce ai waƙa shashanci ce. Ba irin ta gidan biki nake nufi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu da waƙe ta karantar da matan karkara, jajis, wato malamai mata da ta horar, suna ɗauka suna kai wa 'yan taru, ɗalibansu mata, gari gari, kuma har gobe a Islamiyya da rerawa yaranmu ke haddace ƙa'idojin tajwidi. Yaran nan dai su ne ke zuwa boko da safe.

Sai dai malami shi kaɗai ba zai iya ba, wanda ma albashinsa ba ya kai shi rabin wata. Dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, amma sai jiha ta aje nata kason kafin hukumar UBEC ta tarayya ta saki nata, kuma sau da yawa kuɗin na nan kwance a Abuja saboda jihohi ba su biya ba. Wa zai matsa musu in ba iyaye ba? Amma a kira taron PTA ko na kwamitin kula da makaranta na SBMC, sai hedimasta da ɗan liman da dattawa biyu uku su zauna ƙarƙashin darbejiya su watse.

Roƙona ga iyaye, ku dinga zuwa taron nan, ku tambayi ina aka kwana kan rufin aji da ɗaukar malamai, ku nemi a gyara gangar nan don ba wani kuɗi ba ne. Su kuma SUBEB su nemo mu tsofaffin malamai tun muna raye, mu rera musu waƙoƙin nan a naɗa a rubuta a tura wa sabbin malamai ko ta WhatsApp ne, ni dai a shirye nake kuma ba na neman ko sisi.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin firamare, daga Zariya