Na Fara Cin Gashin Kaina

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso tun tuni, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Abin da ka ji gaskiya ne: wata 7 ke nan da na bar hannun maigidana na fara aikin famfo na ƙashin kaina. Mun rabu lafiya lau, ya sa mini albarka, har ya ba ni tsohuwar sifanarsa mai kama bututu, wadda haƙoranta suka ɗan cinye amma har yau ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ka tambaye ni ko da daɗi. Da daɗi mana, amma ba a inda na zata gizo ke saƙar ba. Shekara 6 ina bin maigida, na ɗauka aikin ke nan: yanka bututu, shafa gam, naɗa farin tef a bakin zare. Ashe shi ne yake tare mini rana ban sani ba. Shi ke yin ciniki, shi ke bin bashi, kuma in aiki ya ɓaci sunansa ake kira. Yanzu wayata ce ke ƙara da tsakar dare.

Bari in ba ka labarin abin da ya fi ƙona mini rai. A wata na biyu na samu aikin banɗaki a wani sabon gini. Bututun ruwan na roba ne, irin wanda ake haɗawa da zafi, wato PPR. Injin haɗa shi sai ya kai digiri 260 kafin a tura bututu, kuma ƙarami mai milimita 20 kamar daƙiƙa 5 yake so a kan wuta. In ka wuce, cikinsa ya narke ya tsuke hanyar ruwa. In ka gaza, haɗin ya kama a ido kawai. To, mai gidan yana kaina, mai tayil ya kwaɓa siminti yana jirana, sai na haɗa gwiwar bututu ta ƙarshe, wato mahaɗin da ke lanƙwasa hanyar ruwa, alhali injin bai gama zafi ba. Na buɗe ruwa, na ga yana zuba a famfo, na ce a rufe bango. Ka'ida kuwa ita ce a toshe kowane baki, a matsa ruwa a ciki da famfon gwaji, a zuba ido a kan agogon famfon a ga ko allura za ta sauka. Na san haka sarai. Sauri ne ya haifi nawa.

Bayan mako 3 fenti ya fara kumbura a ɗakin da ke bayan banɗakin. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a sana'armu da wuya ya sani. Inda ya ga danshi kawai ya sani. Ruwa yakan bi jikin bututu ko ƙarƙashin filasta ya je ya ɓulla nesa da inda ya fito. Sai da na fasa tayil 9 kafin na iske gwiwar, tana tsatsafo kaɗan-kaɗan kamar gumi a goshi. Irin tayil ɗin ya ƙare a kasuwa, dole aka sauya layi guda. Ni na biya komai, har fenti, ribar aikin da ta wasu biyu ta tafi. Abin mamaki, mutumin nan shi ya haɗa ni da ƙaninsa daga baya, wai don na ɗauki waya ranar da ya kira, ban ɓuya ba. Tun daga nan, ko uban waye ke jira, ba a rufe bango sai na gwada, kuma ina ɗaukar hoton bututun a waya kafin siminti ya binne su.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ma ta koya mini hankali. Da farko ina yanka farashi ƙasa don a san ni. Ina lissafa kaya da kuɗin hannu, in manta da zirga-zirga, da rabin yinin da na ɓata wajen neman kan famfon da zai dace, da haƙorin zarto da ke cinyewa. Aiki ya yi yawa, aljihu fayau. Yanzu ina da littafi. Kuɗin kaya daban, kuma sai an ba ni kafin alƙalami nake taɓa komai. Kuɗin hannu daban, a rubuce, kowa ya gani. In ana tsakar aiki mai gida ya ce "ɗan duba mini wancan ma", sai in yi dariya in ce wancan sabon ciniki ne. Waɗanda suka fi wahalar da ni ba baƙi ba ne, na jiki ne, masu cewa ai kai namu ne.

Wani abu kuma: na koyi cewa a'a. An kira ni in shiga ramin masai in buɗe bututun da ya toshe ta ciki, na ƙi. Iskar da ke taruwa a can, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi haɗari. Ta waje na buɗe shi, da sandar zura.

Yauwa, batun gidanka. Ka ce ruwan shawa ba ƙarfi, kuma banɗakin baƙi yana wari ko an wanke. Na shawa, duba tsayin tanki tukuna. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayi yake zuwa, ba daga girmansa ba: kowace mita 10 tana ba da kusan "bar" 1, wato ma'auninmu na ƙarfin ruwa, don haka tankin da ya ɗara kan shawa da mita 2 kacal ba abin da zai iya. Ko a ɗaga shi, ko a sa ƙaramin injin turi. In kuwa bututunka tsoffin na ƙarfe ne, tsatsa ta ciki take cin su, ka gan su lafiya ta waje, ciki ko fensir ba zai shiga ba. Na wari kuma, kada ka ba kowa kuɗi tukuna. A ƙarƙashin kowace magudana akwai lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa, shi ke tare iskar masai. Banɗakin da ba a shiga, ruwan yakan ƙafe. Zuba bokiti guda a magudanar ƙasa da wurin wanke hannu, ka ga abin da zai faru kwana biyu. In warin bai tafi ba, ɗauko mini hoton bututun da ke bayan ginin, musamman wanda ya miƙe sama ya wuce rufi, in akwai shi.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Ɗan naka da ke kwance duk abin da ya samu a gida, in ya ƙara girma ka turo mini shi, ina neman mai riƙe mini fitila.

Naka har kullum,
abokinka.