Zuwa ga ɗana da ya tambayi dalilin lanƙwasa hanya

Assalamu alaikum.

Ɗana, ranar da aka gayyace ni gidan rediyo, ka bugo waya daga Tudun Wada ka ce: ku da kuka yi aikin safiyo, me ya hana a ja miƙaƙƙen titi daga Giwa zuwa Birnin Gwari, a ratsa daji, a huta da zagaye ta Funtuwa ko Kaduna? Ka ƙara da cewa ko lanƙwasa hanya dabarar ƙara kuɗin kwangila ce. Lokaci ya ƙare ban ba ka amsa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Zarginka ba a banza yake ba, ana cin kuɗi a aikin hanya. Amma yawancin kwanar da kake gani ruwa ne ya sa ta.

Ina saurayi aka tura mu fitar da layin wata hanyar burji a cikin daji, da rani. Muka iso wani rafi da ya bushe ƙaraf, yashi fari tas, faɗinsa bai fi taku goma ba. Na rubuta kwalbati a littafina. Wani tsohon maharbi da ke yi mana jagora ya kama hannuna, ya kai ni gindin wata kanya nesa da gaɓa, ya nuna sama. Ga busasshiyar ciyawa da karan dawa maƙale a reshe, sama da kaina. Ya ce nan ruwan Agusta yake kaiwa. Muka tuge turakunmu, muka koma kan tudu inda doka ta yi yawa, ƙasa ja mai tsakuwa. Hanyar ta ƙara tsawo, amma damina ba ta cinye ta ba. Tun daga ranar, in na ga giginya da kanya sun yi layi, na san ruwa na kwance a ƙasa ko da ƙura na tashi.

Don haka mai fitar da hanya kan bi doron tudu, inda ruwa ke rabuwa hagu da dama. Gada guda kan lashe kuɗin da zai shimfiɗa kwalta mai nisa, lakar fadama kuwa sai an kwashe ta an ciko da jar ƙasa, ita ma jar ƙasar sai an san inda za a haƙo ta kusa. Yau akwai hoton tauraron ɗan'adam da na'urar GPS, sun rage wahala ƙwarai, amma ba su ganin ciyawar da ke maƙale a reshen kanya.

Sai mutane. Dajin da ka gani fayau a taswira cike yake da burtali, mashaya, kufai da maƙabartu, da kaɗanya da ɗorawar da mata ke ci da 'ya'yansu daga gare su. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini da abin da aka inganta. Makiyayin da titi ya datse masa burtali ba shi da abin nunawa, sai ya kora shanu ta gonar wani, rigima ta tashi. Dokar 1992 ta wajabta binciken illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. Ina so a riƙa yin binciken nan a zaure, da dagatai da arɗo-arɗo da maharba, ba a ofis kaɗai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tunanin cewa titi kaɗai zai kori ɓarayin daji. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ai tana nan, kowa kuma ya san abin da matafiya suka sha a kanta. Titin da ya yi doguwar tafiya babu gari, babu kasuwa, babu jami'an tsaro, tarko ne. Kuma motar farko da ke shiga sabuwar hanyar daji ta masu gawayi ce da masu katako. Gandun dajin Kamuku da ke yankin Birnin Gwari, da ya zama na gwamnatin tarayya a 1999, irin wannan ɓarnar aka keɓe shi don a kare shi daga gare ta.

Da ni za a tambaya, sai in ce hanya ta bi bakin daji, ta ɗinke ƙauyukan da ke da mutane, manomi ya fito da masararsa, mai naƙuda ta isa asibiti, ko da an ƙara kilomitoci.

In Allah Ya kai mu Agusta, ka zo mu je bakin kogin Galma tare. Zan nuna maka inda ruwa ya tsaya bara.

Wassalam,
Babanka, tsohon ma'aikacin safiyo, Zariya