Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Tantance Jama'a Kafin Kai Hari Ta Sama

Ta hannun hakimanmu.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne, manoma da makiyaya da limaman ƙauyukan bakin daji a Igabi da Giwa. Kukanmu a kan jiragen yaƙi ne, musamman marasa matuƙi. Ba mu ce a janye su ba, don ɓarayin daji sun hana mu noma, kuma jirgin nan suke tsoro. Roƙonmu shi ne a tabbatar da ko su wane ne a ƙasa kafin a saki bam.

Ranka ya daɗe, ba sai mun tuna maka daren 3 ga Disamba 2023 ba, da jirgi marar matuƙi ya saki bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) ta ce an binne mutum 85. Kafin nan, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno. Da hedikwatar tsaro ta gama bincike, cewa ta yi ba a sa alamar wurin a taswirar aikin soja ba.

'Ya'yanmu da suka yi karatun injiniya sun warware mana yadda na'urorin ke aiki. Rada tana harba sigina, ya bugi abu ya dawo, daga nan a san nisansa da gudunsa da inda ya dosa, ko da tsakar dare ne, ko hazo ya rufe gari. Za ta nuna babura goma na tafe a jere, amma ba za ta ce mahara ne ko 'yan rakiyar amarya ba. Kyamarar da ke ganin zafin jiki kuwa, daga can nesa, da wuya ta raba mai saɓe da fartanya da mai rataye da bindiga. Shi ya sa ake haɗa abin da rada ta gano da hoton kyamara da siginar waya, a auna su da rahoton wanda ke ƙasa. Jiragen sama na da na'urar da ke amsa wa rada cewa na gida ne. Ƙauye ba shi da irinta, sai bakin mai unguwa da dagaci, kuma ba mu san ta inda maganarsu za ta isa ga mai danna maɓalli ba.

Don haka muna roƙon Sarki ya kai maganarmu ga gwamnatin jiha da shugabannin soja, a buɗe layi ɗaya da dagatai za su riƙa sanar da Maulidi da biki da jana'iza da ranar kasuwa da fitar 'yan sintiri. A sa rugage da ƙananan unguwanni a taswirarsu da sunayensu. In aka hango taro kusa da gari, kada a yanke hukunci da hoto kaɗai, a dakata sai an ji daga ƙasa. Sai dai layin ya tsaya a hannun amintattu, domin infoma sun yi yawa, kada sanarwar biki ta koma gayyatar ɓarayi.

A shirye muke mu turo wakilai fada duk ranar da Sarki ya neme mu.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya, waɗanda sa hannunsu da dangwalensu ke haɗe da wannan takarda.